Rigunan Nasara a Mabuga

Godiya ta tabbata ga Allah da ya saukar da cuta, ya saukar da magani, ya kuma ajiye mana maƙwabta kusa don a samu mai miƙo maganin. Ni Iliyasu, malamin lakwal, wato makarantar boko, haifaffen unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangi, na rubuta abin da ya same mu a daminar da murar nan ta zagaye duniya, wadda Nasaru suka ce daga Asiya ta taso. Ban rubuta don in koya wa kowa aikin likita ba. Na rubuta ne don wanda irinta za ta riska nan gaba ya riƙe abu biyu: kada ya tashi daga shimfiɗa da wuri, kuma idan zai yi wa maƙwabcinsa aikinsa, ya fara tambayarsa yadda ake yi.

Ni ta fara kayarwa a gidanmu. Ina tsaye gaban allo ina koya wa yara kogunan Faransa, waɗanda har yau ban ga ko ɗaya ba, sai na ji kamar an zuba mini yashi a gwiwoyi. Kafin la'asar kaina ya yi nauyi, idanuna na zafi, sanyi ya shiga ƙashina alhali gumi na tsattsafo mini. Washegari aka rufe lakwal. Ba don ni ba, don rabin ajin ya riga ni kwanciya.

Dangi kuwa ba su yi nawa ba. Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifina, mai sayar da turaren wuta a kasuwa, ta iso da citta da kanumfari da tafarnuwa, ta lulluɓe ni da bargo a kan tukunyar sirace har na fara tuna zunubaina. Alhaji Mati, mai shagon ɗinki kuma mai gidajen haya a layinmu, ya aiko da rubutu. Wani kawuna ya ce a ɗiga mini man shanu a hanci. Na karɓi duka, domin marar lafiya ba shi da ra'ayi, kuma wanda ya ƙi maganin gwaggonsa jinya biyu zai yi.

Da kwanaki suka ja zazzaɓin bai sauka ba, sai Mishel ya leƙo ta kan zana. Mishel ɗan ƙabilar Banda ne, Kirista, zana ɗaya ce tsakanin gidanmu da ɗakin da yake haya a wurin Alhaji Mati, shi da matarsa Tereza. Wanki da guga yake yi a gidan wani Nasara da matarsa, wadda ake kira Madam, can cikin birni, bakin kogi. Hausarsa ta kasuwa ce, ni kuma Sango, yaren ƙasar, da shi na tashi, saboda haka kowa da wanda ya zo bakinsa muke magana.

Ya ce, "Malam, wannan tarin naka ya hana kajina yin ƙwai. Tashi in kai ka."

Ya ɗora ni a kekensa ya tura har dispansar, ƙaramin asibitin unguwa. Layi muka tarar ya fita ƙofa, ya bi gindin mangwarori, kowa na riƙe da kansa kamar wanda aka ba ajiya. Muka shiga layi da hantsi, muka ga lokotoro, wato likita, bayan azahar. Ya duba harshena, ya saurari ƙirjina, ya ce girif ce, sunan murar a bakin Faransawa. Ya ba ni asfirin, ya ce in sha ruwa da yawa, sannan ya ɗaga yatsa ya faɗi kalmar da ta zauna mini har yau: repo, wato hutu. Ya ce wannan cuta ba ta cika kashe wanda ta kayar ba, wanda ya tashi da wuri take komowa ta ɗauka.

A hanya Mishel ya ce, "Repo ɗin nan na masu albashin gwamnati ne, Malam. Kai ka sha. Mu Madam ba ta ajiye shi a sito."

A mako na biyu na fara zama a tabarma, kunu ya fara yi mini ɗanɗanon kunu. A makon ne kuma Nasarun birni suka sallamo ma'aikatan gidajensu. Cutar ta shigo ƙasar ta jirgin sama da jirgin ruwa, waɗanda babu ɗan unguwarmu da ya taɓa biyan kuɗin kujerarsu, amma aka yanke cewa a Kilomita Biyar take zaune. Kuku da boyi da masu reno duk aka ce su koma gida sai an neme su. Ba a ce komai game da albashi ba, wanda ke nufin an faɗi komai. A layinmu kaɗai ɗakuna da dama suka cika da mazan da suka saba ciyar da wasu, yanzu babu abin ɗora wa wuta. Kasuwa kuma ta ji ƙanshin wahala: lemun tsami ya yi tsadar da sai a yanka shi biyu a sayar, gawayi da sabulu suka bi sahu.

Mu kuwa muna da ciyayya. Bayan magariba kowane magidanci yakan fito da kwanon gidansa ƙofar Alhaji Mati, a haɗa a ci tare, baƙo ko mai wucewa ya sa hannu. Lokotoro ya hana wannan. Washegari Alhaji ya aika gida gida.

Ya ce, "Haɗa hannu aka hana. Ban ji an hana kwano tafiya ba."

Aka raba ɗakunan 'yan aikin, kowane gida ya ɗauki ɗaya. A ajiye kwano a bakin ƙofa, a yi sallama, a juyo. Maganar haya kuma Alhaji ya ce kada wanda ya tayar masa da ita sai Nasaru sun gama tsoro. Wani kuku mai suna Gasto, da ya ga zaman banza zai kashe shi kafin mura, ya roƙi ƙasusuwa a wurin mahauta ya riƙa dafa romon Nasaru yana raba wa marasa lafiya. Gwaggo ta kurɓa ta ce, "Wannan ai ruwan da aka wanke nama ne." Ta shanye, ta miƙa kwano a ƙara.

Mishel ya fi sauran sa'a, ko haka muka zata. Madam ɗinsa ta ce kada ya ƙara shiga gidan, amma ya riƙa karɓar ƙullin wanki a ƙofa, ya wanke a gida, ya mayar wa mai gadi ranar Asabar. Ta kuma ce ranar da kaya suka yi fashi za ta ɗauki wani. Tereza na da tsohon ciki a lokacin. Wannan ƙullin shi ne ɗakinsu, shi ne abincinsu, shi ne zanen goyon da ba a saya ba tukuna.

Ranar Alhamis ta mako na uku Mishel ya faɗi a bakin rijiya, kayan Nasara na jiƙe a baho. Aka ɗauke shi zuwa ɗaki jikinsa kamar kasko, yana ta maimaita Asabar, Asabar. Tereza ta fito za ta ƙarasa wankin, ita ma tana tari.

Gwaggo ta ce, "Koma ki zauna, 'yar nan. Da wannan cikin za ki ja guga? Ke Rabi, ɗauko sabulu."

Rabi maiɗakina ce. Su biyu da matan gidan Alhaji suka tafasa kayan, suka wanke, suka sa bula, suka riƙa shanyawa suna kwashewa tsakanin ruwa da ruwa, domin damina ce kuma jar ƙasar Bangi ba ta ga maciji da farin tufafi. Ranar Juma'a kaya suka bushe fes. Rabi ta ce a aro dutsen guga a shagon Alhaji.

Gwaggo ta dube ta. "Guga? Kayan babban mutum? Guga ta 'yan kamasho ce. So kike a ce yaron nan ya kwanta mun yi masa aikin ganin dama? A kai wa Tanko."

Tanko shi ne mai bugun unguwa. Wanda bai san bugu ba: ana shimfiɗa tufa a kan gungume mai santsi, maza biyu su sa ta tsakiya da manyan mabugai na itace, su yi ta dukanta har ta kwanta ta ɗauki sheƙi. Haka ake yi wa rigar ango da ta mai dawowa daga Makka, kuma babu girmamawar da ta wuce wannan a wurinmu. Ina zaune a tabarma aka yanke shawarar, kunnuwana na ƙara, na ce madalla. Tanko ya ƙi karɓar ko dala. Ya ce Mishel ya taɓa cire masa tabon manja a rigar Salla. Ya yi aikin da zuciya ɗaya, muna jin dukan har gida. Da kayan suka dawo a ninke suna walƙiya, Gwaggo ta kifa kwando a kan kasko ta turara su da turarenta mafi tsada.

Ranar Asabar na samu kamiyon, motar kaya, da zai je tashar jirgin ruwa, na kai ƙullin na miƙa wa mai gadi. Na dawo ina jin kaina kamar wanda ya ci jarrabawa.

Ranar Lahadi zazzaɓin Mishel ya ɗan sauka. Muka shiga gaishe shi, ni da Tanko, muka tsaya daga bakin ƙofa. Na ce ya kwantar da hankalinsa, kaya sun isa a kan lokaci.

Ya ce, "Singila, ita. Na gode, ɗan'uwa. Wa ya yi gugar?"

Tanko ya gyara tsayuwa. "Wace guga? Bugu aka yi musu. Da hannuna."

Mishel ya ɗago kai daga shimfiɗa. Sannan a hankali ya ce, "Maɓallai fa?"

"Waɗanne?"

"Na gaban riga. Na hannu. Na wando."

Tanko ya ce, "Au, 'yan tsakuwan nan? Ai da farko sun dame ni, suna ta ƙara a ƙarƙashin mabugi. Amma daga baya duk sun kwanta."

Babbar riga ba ta da maɓalli. Zane ba shi da shi. Tanko ya shekara talatin yana bugu bai taɓa haɗuwa da tufar da ke da abin fashewa ba. Na duba gaban rigata, wadda nake ɓallawa kowace safiya.

A nan ne abin dariya ya ƙare. Ranar Litinin da sassafe, ana yayyafi, Mishel ya saci jiki ya fita, zai je birni ya ba da haƙuri kafin a ɗauki wani. Masu zuwa kasuwa suka same shi zaune a bakin gadar Yakite, jiƙe sharkaf, ya kasa gaba ya kasa baya. Kafin yamma zazzaɓin ya dawo da ƙarfin da ya fi na farko. Numfashi ya zama gajere, haƙarƙarinsa na dama na sukarsa, kakin da yake tofarwa ya koma launin tsatsa. Gwaggo da kanta ta ajiye tukunyar sirace ta ce wannan ya wuce ta.

Alhaji ya samo mota aka kai shi babban asibiti. Gadaje sun cika, baranda ta cika, aka shimfiɗa masa tabarma kusa da ƙofar ɗakin magani. Lokotoron da ya duba shi ya ce ciwon ya sauka huhu, ya juyo gare mu da faɗa: wa ya bar shi ya tashi?

Tereza ta ce da Sango, "Aiki ne ya tashe shi." Na fassara. Bai ƙara faɗa ba, ya rubuta allura.

Allurar akwai ta, amma sai an bi ta da kyautatawa kafin ta iso baranda. Abincin majinyaci kuma sai daga gida. Kwanon da Rabi ke ajiyewa a bakin ƙofar su Mishel ya koma yin tafiyar kilomita biyar kullum, kowa da ranarsa. Alhaji ya ɗauki abin da ya shafi aljihu, bai taɓa faɗin nawa ba, ni ma ban tambaya ba.

Saura Madam. Ranar Laraba na sa kwat ɗina na makaranta, na tafi da Faransancin littafi cike da baki. Mai gadi ya ce in tsaya a waje. Ta fito ta tsaya daga nesa, ƙyalle a hanci, gashinta a hargitse, idanunta jajur. A hannunta akwai farar riga mai sheƙi kamar madubi, zare na reto a duk inda maɓalli ya taɓa zama.

Ta ce, "Ina Mishel? Mene ne wannan? Mijina ya sa hannu zai ɓalla riga, sai gari ya zubo. Wandunansa an ninke su kamar buhu. Kuma duk gidan na warin coci."

Na gaya mata gaskiya tun daga rijiya har baranda. Na ce waɗanda suka yi wannan sun yi wa mijinta abin da suke yi wa ango ne. Ta fara dariya, dariyar ta koma tari, ta dafa ƙofa. Sai na lura babu hayaƙi a madafarta, kuma daga ciki ana jin kukan jariri da tarin namiji.

Da ta samu numfashi ta ce ta ji, amma ita wanki take buƙata, za ta ɗauki wani.

Na ce, "Madam, duk mai wankin da na sani kwance yake. Wanda za ki samu a tsaye yau, jibi zai faɗi miki da kaya a ruwa. Mishel ya riga ya yi tasa. In ya tashi ya tashi ke nan. Kafin nan layi guda ne zai riƙa yi miki wanki a kan ladan mutum ɗaya."

"Da sanduna?"

"Da dutsen guga. Tela zai yi. Shi zai mayar da maɓallan."

Ta juya rigar a hannunta. Sannan ta ce ƙyallayen jaririn a goge su ciki da waje da wuta sosai, saboda ƙudan nan da ke yin ƙwai a jiƙaƙƙen kaya. Ta ce banda turare. Ta shiga ta fito da ƙulli biyu, da gwangwanin madara ta ce a ba Mishel. Har na juya ta kira ni, ta tambaya ko na san wani kuku da ke kan ƙafafunsa. Ban ce tausayi ne ya sa ta tambaya ba, na fi zaton ta gaji da dafaffen ƙwai. Amma Gasto ya samu aiki a makon, kuma ciki ba ya tambayar niyya.

Mako na huɗu da na biyar shagon Alhaji ya zama gidan wanki. Aka zagaye kasuwa neman maɓallai. Ba a samu iri ɗaya da za su isa ba, saboda haka akwai rigar da ta koma birni da fari a sama, ruwan ƙasa a inda wando zai rufe. Mishel na kwance a baranda yana aiko da umarni ta bakin duk wanda ya kai kwano: karin wando gaba yake, ba gefe ba, a fara da wuyan riga, kada Tanko ya matso. Tanko ya ji haushi kwana biyu, sannan ya koma ɗebo ruwa da hura gawayi, ya ce shi dai har gobe bai ga abin da guga ta fi bugu ba.

Ba kowa ya tashi ba. Mun binne tsofaffi, mun binne wata mai reno da ta koma aiki da zazzaɓi a jikinta don kada a maye gurbinta. Kiristoci suka kai ta, mu muka tsaya a bakin hanya har suka wuce. Albashin makonnin da aka sallami mutane kuwa, gidaje kaɗan ne suka biya. Madam ta biya ladan wanki, ta cire kuɗin riga ɗaya da ta ce ta mutu. Na gode mata da madara, ban yafe mata rigar ba.

Mishel ya fito a mako na shida, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Wannan karon Gwaggo ta sa kujera a ƙofar ɗakinsa ta zauna da kwandon turarenta, ta ce in ya isa ya fito. Sai da ya ƙara mako yana shan repo a hannunta kafin ta sake shi. Ya koma aikinsa. Tereza ta sauka lafiya bayan ɗaukewar ruwa, mace.

Wata Alhamis ya bi gidajen layinmu ɗaya bayan ɗaya yana karɓar rigunan Juma'a. Aka ce ya bari, ya ce in an hana shi to an zage shi. Ya kwashe har da ta Tanko. Ya wanke su, ya dama sitacin rogo mai kauri irin wanda yake sa wa kwalar Nasara ranar biki, ya tsoma kowace babbar riga a ciki tun daga wuya har ƙasa, ya goge da wuta ciki da waje, ya fitar da kari a gaba kamar wuƙa. Shi ma bai tambayi kowa ba.

Da aka kawo tawa, Rabi ta tsayar da ita a tsakar gida ta saki, ta tsaya da kanta. Babu wanda ya iya naɗa hannun riga a kafaɗa. Muka tafi masallaci hannuwa a buɗe kamar angulaye na shan hantsi, Mishel na tsaye a bakin layi da jaririyarsa yana duban aikinsa. Da liman ya yi ruku'u, sahunmu ya amsa da ƙara kamar ana taka busasshen kara, har mutanen sahun gaba suka yi ta satar waige bayan sallama.

A hanyar dawowa Tanko ya matso kusa da Alhaji, wuyansa duk ya kurje. Ya ce, "Alhaji, a gaya masa?"

Alhaji ya ce, "Kai wa ya gaya maka ɓarnar maɓallai kafin aiki ya wuce? Ka sa ta haka har ta yi laushi."

Muka iso, Mishel ya tambaya yaya riguna. Gwaggo ce ta amsa daga cikin zaure, ta ce ba a taɓa ganin mazan layin nan sun miƙe haka ba.

Allah ya jiƙan waɗanda murar ta tafi da su, namu da nasu. Wanda ya kwanta, Allah ya ba shi haƙurin kwanciya, ya ba shi maƙwabtan da za su riƙe masa aikinsa har ya tashi, ko da za su farfasa maɓallan.